Na Saki Muryar Kakata Cikin Kiɗan Biki

Sallama gare ku masu wannan mujalla. Ba zan faɗi sunana ba, kada ma ku nema. Lokacin da abin ya faru ina ajin farko na lise, wato babbar sakandare, a Agiye, na ci jarrabawar brebe, an saya mini sabuwar waya, kaina ya cika da iska. Ni ba ni da haƙuri, abin da ya zo bakina shi nake faɗi, abin da ya zo hannuna shi nake yi, tunani sai daga baya. Kakata ta wajen uba, da ke zaune a ƙauyenmu kusa da Cadawa, ba ta kirana da komai sai uwar gaggawa.

Akwai injin niƙa a garin, amma ita ba ta yarda a kai geron kununta can. Tana da dutsenta a bayan ɗaki, in ta durƙusa a kansa takan yi wata waƙa ƙasa-ƙasa, da ta ji takun mutum sai ta yi shiru. Wata rana da hantsi, cikin hutu, ina zaune ina tara mata gari a faifai, sai ta fara. Na ɗauka ta manta da ni ne. Na zame hannu na kunna wayata na fara ɗaukar muryarta, da ta tsaya ta huta har na ce mata ta ci gaba mana. Akwai suna ɗaya da take ta maimaitawa, ban san mai shi ba, ban kuma tambaya ba. A ranar na tura wa gurup ɗin 'yan ajinmu, na rubuta cewa ga zabiyar gidanmu. Aka yi dariya, na manta.

Shekara ta kusa zagayowa muna wani biki a Agiye da la'asar, dije, mai sa kiɗan bikin, ya saki sabon kiɗa irin na kwamfuta. Ina jin muryar da ke ciki na gane ta kaka ce. An datse waƙar an bar sunan nan kaɗai, an ƙara masa sauri, yana dawowa yana dawowa a kan gangar inji, har gurzar dutsen an mai da ita kiɗa. Samari na tsalle suna amsa sunan da ƙarfi. Goggona, yayar babana, ta ajiye kwanon da ke hannunta ta zauna a ƙasa. A nan ta gaya mini sunan ɗan farin kaka ne, wanda ƙyanda ta ɗauke tun yana goye. Kun dai san mace ba ta faɗin sunan ɗanta na fari. Goggo ta ce ita kanta a bakin wata tsohuwa ta ji shi, bai taɓa fitowa daga bakin uwarta ba a gaban kowa.

Gida ya ɗau zafi. Baffana ya rantse sai ya gano inda muryar ta fito, aka ce in raka shi tunda ni ce na yi lakol, wato boko, na san kan waya. Na hau bayan babur ɗinsa muka nufi wurin dije. Dije ya ce shi a kasuwar Cadawa aka tura masa. Mai tura waƙoƙi a kasuwar ya yi mana dariya, ya ce in Baffa asalin kowace murya zai bi to ya sayi taya goma, amma ya kwatanta mana wani sitidiyo a Maradi. Duk hanyar nan Baffa na zargin matan maƙwabta ɗaya bayan ɗaya, ni kuma ina taya shi. Wannan shi ne abin da ya fi ci mini rai har yau.

Mai sitidiyon bai yi musu ba. Ya ce ƙanwarsa ce, wadda ashe 'yar ajinmu ce, ta tura masa, ya ji muryar ta yi masa daɗi, bai san tana da mai ita ba, haka kowa ke yi. Baffa ya ce a kunna masa ta asali, wadda ba a taɓa ba. Ya kunna. Ga dutse, ga kaka, ga kazarmu na kuka can baya, sannan ga muryata tarwai tana cewa ta ci gaba mana. Baffa bai zage ni ba, bai ko dube ni ba. Mai sitidiyon ya goge nasa a gabanmu, amma ya faɗi gaskiya, ya ce kiɗan ya riga ya shiga wayoyin da ba ya iya kirawo su.

Da na shiga wurin kaka na tarar ta riga ta ji, a wayar 'yan kabu-kabu da ke tsayawa bakin rijiya. Na durƙusa na fara zuba kamar yadda na saba, ina cewa na ga ta manta ina wurin ne, ban san ma'anar abin ba. Ta bari na gama, sannan ta ce, “Ban manta da ke ba, uwar gaggawa. Ke kaɗai ce ban yi shiru a gabanki ba.”

Ta ce ta yafe, ta kuma ci gaba da tsokanata kamar da. Amma washegari ta sa aka kai geronta inji, dutsen ta kife shi jikin danga. Ba ta sake waƙa ba har Allah ya ɗauke ta da damina. Ta asalin tana nan cikin wayata, na kasa gogewa, na kasa saurare.

Abin da na koya shi ne, in mutum ya bar ki kin ji wani abu, ba ba ki shi ya yi ba. 'Yan'uwana mata masu ɗaukar duk abin da ya motsa, ku tambaya kafin ku danna. Ku kuma masu haɗa kiɗa, ku bi muryar da kuka tsinta har ƙofar mai ita, ku ji ko ta wasa ce ko ta kuka. Kiɗan nan har yanzu ana sa shi a biki daga Gazawa har Gidan Rumji. In kun ji wata tsohuwa na kiran suna a kan gurzar dutse, don Allah kada ku amsa. Uwa ce ke kiran ɗanta.