Jirgin Alhaji Bawa

Ba zan faɗi sunana ba. Waɗanda muke haɗuwa a sallar Juma'a a Greensboro sun san ni, sauran kuwa sunan ba zai ƙare su da komai ba. Matasa nake wa wannan rubutu, musamman waɗanda Allah ya ba hannun gyara, domin ni ma hannun nan ne ya kai ni inda na je.

Na zo ƙasar nan da sana'ar kanikanci da na koya a Kaduna. Na kama ɗaki a Glenwood cikin ɗalibai, na samu aiki a wani gareji da ke sayar da tsofaffin motoci. Ba na sha, ba na caca, sahun gaba nake sallah. Mutanenmu duk ni suke kawo wa mota, kuma babu mai tambayata rasit. A wurinmu idan ɗan'uwa ya ce maka abu lafiyarsa ƙalau, magana ta ƙare. Ka ɗauko wani ya sake dubawa, ka ce masa maƙaryaci ke nan. Haka muka taso, haka muka zo da abin har Amurka.

Ɓarnata ta fara da 'yar fitilar nan da ke kamawa a gaban direba idan inji yana da matsala. Mai garejin ya ce in kashe ta kawai, gyaran zai ci lokaci. Na kashe. Daga baya aka kawo motar da ambaliya ta cinye, na busar da kujerun, na fesa turare, ta fita kamar sabuwa. Aka yaba mini, na ji daɗi. A lokacin ban taɓa kiran abin zamba ba, kwalliya nake ce masa.

Wani dattijon Bature da nake gyara wa mota shi ya fara kai ni bakin teku, tafiyar sa'o'i daga nan, in duba masa injin jirginsa. Ranar na ga irin jiragen da masu hali ke fita kamun manyan kifaye da su don nishaɗi. Ku cire kwale-kwale daga ranku. Wannan fari ne tas, da injin dizal biyu, da ɗaki mai gado da kicin da banɗaki, da bene inda ake tuƙi, sannan a baya ga wata kujera da mutum ke ɗaure kansa a kai ya yi ta kokawa da kifin da ya fi shi nauyi. Da muka bar gaɓa, iska ta buge ni, ƙasa ta ɓace, sai na ji kamar an sauke mini kaya daga ka. Har yau ban ga laifin wanda ya kamu da son wannan abu ba.

Sabon irinsa sai attajiri. Amma na hannu yakan yi arahar da za ta sa mai albashi ya fara lissafi, kuma arahar tana da dalili. Ruwan gishiri ba ya hutu. Yana cin ƙarfe, yana cin waya, yana bin kowace 'yar kafa ya shiga katakon da ke tsakanin shimfiɗa biyu na faiba, wato robar nan mai tauri da ake yin jikin jirgi da ita, ya ruɓar da shi daga ciki, waje kuwa yana ta ƙyalli. Mai jirgi bawan jirginsa ne, wanda bai yarda da haka ba gara ya tsaya a tudu. Na kuma gano cewa bayan kowace guguwa ana gwanjon jiragen da suka nutse, da takarda mai nuna abin da ya same su. Sai na fara saye. In busar, in shafa fenti, in sauya takarda, in sayar wa baƙi ta intanet. Ban san fuskar iyalansu ba, don haka barcina nake yi.

Alhaji Bawa kuwa na san fuskar kowa a gidansa. Mutumin Yauri ne, ɗan masunta, ya yi shekaru yana tuƙin tirela har ya mallaki nasa, da filin ajiye su a East Greensboro da gida a Sedgefield. Azumina na farko a ƙasar nan a gidansa na sha ruwa kullum. Ko zancen taya ake, sai ya karkato da shi zuwa kogi da giwan ruwan da mahaifinsa ya taɓa kamawa, wanda kullum ƙara tsawo yake. 'Yarsa Maryam a nan aka haife ta. Ka yi mata Hausa ta amsa da Turanci, amma kalma ɗaya ba ta taɓa sauyawa: Kawu take ce mini.

Wata rana ya ga hoton ɗaya daga jiragen da nake sayarwa a wayata, ya riƙe wayar ya ƙi saki. Jirgin nan na san cikinsa. Yadda ake gane lafiyar jikin jirgi, gudumar roba ake ɗauka a bi shi ana ƙwanƙwasawa. Inda yake da lafiya ƙarar takan fito tsaf, inda ya ruɓe sai ka ji ta mutu, kamar ka bugi jiƙaƙƙen buhu. Na ƙwanƙwasa bayansa da hannuna, na ji abin da na ji, na bi da fenti.

Alhaji ya ce, "Tsakaninka da Allah, yaya yake?"

Na ce, "Alhaji, lafiyarsa ƙalau. Hawa kawai."

Maryam, da lokacin take karatun jinya, ta ce da Turanci ai akwai masu duba jirgi kafin a saya, a kira ɗaya. Alhaji ya juyo ya harare ta. "Kawun naki zan ɗauko wa Bature ya bincika? Wannan ƙasa ta cire muku kunya." Ni kuma ina tsaye ina murmushi. Duk abin da na aikata a rayuwata, babu wanda nake jin ƙyamarsa kamar murmushin nan.

Alhaji ya sayi jirgin. Da lokacin zafi ya shigo suka fita teku, shi da Maryam da wani matuƙi da ya ɗauka haya. Sun yi nisa sai ƙarfen da ke riƙe da farfela ya ɓalle daga jikin jirgin, domin katakon da aka ɗaure shi a kai ya riga ya zama gari. Ruwa ya shigo. Famfon da ya kamata ya kwashe shi tsoho ne da na wanke na mayar, bai daɗe ba ya tsaya. Alhaji ɗan kogi ne, amma ga tsufa ga ciwon suga, kuma teku ba kogi ba ce. Maryam ce ta riƙe kansa sama da ruwa har masu ceto suka iso.

Aka jawo jirgin, masu inshora suka yanka jikinsa, suka ga sabon fenti a kan tsohuwar ruɓa. Daga nan aka bi takardu, sauran da na sayar wa suka fito. A kotu Maryam ta ba da shaida. Ba ta ɗaga murya ba, ba ta yi kuka ba. Duk inda za ta ambace ni sai ta ce "wannan mutumin". Hukuncin alƙali bai yi mini zafi kamar haka ba.

Na yi shekaruna a kurkuku. Ba zan cika ku da labarinsa ba, wuri ne da ake ƙirga mutum kamar akuya safe da yamma. Da farko mai garejin nake zargi, sai ƙasar, sai tsadar rayuwa. Da na gaji da zargin mutane sai na ga saura ni kaɗai. Na koma ga Alƙur'ani, na roƙi Allah gafara, amma na san haƙƙin mutum sai mutum ya yafe, kuma Alhaji bai taɓa aiko mini ko gaisuwa ba.

Da na fito babu wanda ya kore ni daga masallaci. Ana gaisawa da ni, ana tambayar lafiya, sai dai ko canjin mai babu mai kawo mini. Ina cikin haka Alhaji ya kira ya ce in same shi a filin motocinsa. Ina shiga na ga jirgin a kan tubalan katako tsakanin tireloli, ganye ya cika shi. Ashe ɗauko shi ya yi ya ajiye, direbobinsa har sun sa masa suna jirgin Annabi Nuhu.

Na durƙusa zan fara magana, ya ɗaga mini hannu. "Ban kira ka don in ji ban haƙuri ba. An ce in sayar da shi, to wa zan sayar wa ban yi irin taka ba? Da rana ka gyara mini motoci in biya ka. Asabar da Lahadi, abin da ka rufe za ka buɗe."

Haka na yi. Na yanke duk inda na taɓa shafa wa fenti, na kwashe ruɓaɓɓen katako da hannu, yana wari kamar kwata. Ƙurar faiba ta sa na yi ta susa kamar mai ƙazwa. Na sa sabon katako, na sauya wayoyi da bututai, na sa famfo biyu maimakon ɗaya, na sauke injinan na bi su ɗaya bayan ɗaya. Aikin ya ci fiye da shekara biyu, kuma zan gaya muku abin da ban zata ba: ban taɓa jin daɗin aiki kamarsa ba. Da farko Alhaji daga nesa yake kallo. Daga baya ya fara jawo kujera da filas ɗin shayi, giwan ruwan mahaifinsa ya dawo, har ya ƙara tsawo a shekarun da ba na nan.

Ranar da na gama na ce, "Alhaji, a kira mai dubawa."

Ya ɓata fuska. "Haba. A gabana ka yi komai. Yanzu kuma in kunyata ka?"

Na ce, "Wannan kunyar ce ta kusa kashe ka, Alhaji, ni kuma na ci da ita. Maryam ta zaɓo shi da kanta, kada ma in san sunansa."

Ta zaɓo wani tsoho mara fara'a. Ya wuni yana bin jirgin da gudumarsa, Maryam na biye da shi, ba ta ko kalle ni ba. Can kusa da ƙofar ɗaki ƙarar ta mutu. Wuri ne kamar tafin hannu, kuma wallahi ban san da shi ba. Kunya ta kama ni, na ce shi ke nan, za su ce na koma halina. Sai tsohon ya ce sauran aikin ya fi na kamfani, wannan kaɗai a gyara. Na ɗauko zarto a gabansu na yanke wurin. Ban taɓa farin ciki da an kama kuskurena ba sai ranar.

Muka kai jirgin teku a kan tirelar Alhaji. Da safe aka sauke shi a ruwa, na shiga ƙasa da tocila na leƙa ko'ina, a bushe. Maryam ta ce ba za ta hau ba, kuma har yau ba ta hau ba, ban kuma ga laifinta ba. Ta sa wa mahaifinta rigar ceto, ta ja igiyoyin da kanta kamar mai shirya yaro makaranta. Na kunna inji, na zo kwance igiya daga gaɓa. Sai ta tako har inda nake, ta yi mini magana da Hausarta mai tuntuɓe.

"Kawu, ka dawo mini da Babana."

Na gyaɗa mata kai. Kafin la'asar na dawo da shi, da kifi guda da bai kai rabin na mahaifinsa ba, yana ta dariya kamar yaro.

Yanzu rayuwata ke nan, kuma na gode wa Allah. Ina gyaran tireloli, ina da ɗan gidan haya, ina barci da wuri. Idan yanayi ya yi kyau mu tafi teku. Duk dawowa sai na wanke jirgin da ruwan daɗi tun daga bene har ƙasa, in gwada famfo, in shafa mai inda tsatsa ke leƙowa. Jirgin yana cin aljihun Alhaji, yana cin Asabar ɗina, babu mai ƙorafi a cikinmu. Kafin mu tashi nakan kira Maryam, in mun sauka in sake kira.

To, ku matasa, ban fara da nutsar da mutum ba, da 'yar fitila na fara. Ranar da aka ce ku rufe wani abu, ku tuna akwai wanda zai hau kansa da 'yarsa. Kada ku ci amanar wanda kunya ta hana shi bincikarku, domin ya fi kowa rashin kariya a hannunku. Ku masu saye kuma, mai gaskiya ba ya jin haushin a duba aikinsa. Ko a hannuna za ku sayi abu, ni da na tuba, ku gaishe ni da kyau, sannan ku fito da gudumarku.