Akushin Bappa

Shekarar da fara ta cinye geron Kebbe mahaifinmu ya rasu. Bai bar mana komai ba sai damin iri guda, rataye a ƙoƙuwar rumbu. A garinmu ko yunwa za ta kashe mutum ba a taɓa iri, don shi ne abincin baɗi.

Bappa, ƙanen mahaifinmu, ya taɓa. Ana gama zaman makoki ya hau rumbun ya sauke damin, ya kai wa fatake suka ba shi rigar saƙi. Inna ta durƙusa tana roƙonsa, ya ce, "Gidan ga ba namiji, wa za ya noma shi?" Ina tsaye a gabansa da 'yar fartanyata.

Damina ta sauka ba mu da abin shuka. Inna ta kwashe mu a ƙafa zuwa Tambuwal wurin danginta, ƙanwata goye a bayanta. Da muka shiga ƙofar ganuwa aka kwance goyon, ashe yarinyar ta riga ta cika. Tun ranar na ƙulle Bappa a raina, kullum ina juya yadda zan rama.

A Tambuwal na girma, na yi noma, Allah ya sa albarka. Gidana ba wani abin a zo a gani ba ne, amma da magariba ni da 'ya'yana da maƙwabta mukan kewaye akushi ɗaya a zaure, ana loma ana tsokanar juna. Ko tuwon dawa ne da miyar kuka tsura, ƙoshi muke tashi.

Sai ga Bappa wata rana, ya tsufa, 'ya'yansa sun watse, rigar saƙin ta zama tsumma. Mutane suka zuba ido su ga ko zan kore shi. Ina! Korar ai ta yi masa arha.

Na ba shi ɗaki mai sabuwar jinka, da riga, da buzun salla. Na sa a riƙa kai masa tuwon gero da nama da man shanu, a akushinsa shi kaɗai. Na ce kada wanda ya sa hannu tare da shi. Gari ya ɗauka ana ta yabona. Shi kuwa yana zaune a bakin ɗakinsa yana jiyo dariyarmu, akushin na dawowa kusan yadda aka kai shi. Wallahi daɗi nake ji.

Wata magariba ya rarrafo zaure da akushinsa, ya ajiye kusa da namu.

Ya ce, "Ɗana, rage mani naman ga, ka ƙara mani mutum."

Na dube shi, na tuno Inna tana kwance zanen goyo a ƙofar ganuwa. Na ɗauki akushin da hannuna na mayar masa bakin ɗakinsa.

Washegari na sa aka ƙara masa nama.