Jarrabawar Turancin Da Ta Raba Ni Da Muryata

Assalamu alaikum Edita, da ku 'yan uwa masu karatu. Na daɗe ina juya wannan magana a raina kafin na yarda in rubuta ta.

A lokacin da abin ya faru ni matar aure ce mai 'ya ɗaya, ina zaune da surukata a wani ƙauye tsakanin Kura da Bunkure, kanal ɗin ruwan noman rani ya ratsa ta bayan gidanmu. Na gama sakandare, ina karanta Turanci ba laifi, sai dai in za a yi magana bakina nauyi gare shi. Maigidana ma'aikacin jinya ne, Allah ya ba shi aiki a ƙasar waje, ya tafi da alkawarin zai ɗauke mu ni da yarinyar. Abin da ya rage kawai in ci jarrabawar Turanci kafin a ba ni takardun tafiya.

Ya bayyana mini cewa iri biyu ƙasar take karɓa. A ɗaya mutum ne zai zauna gabanki a ɗaki yana tambaya kina amsawa. A ɗayar kuma za a sa miki abin ji a kunne ki yi ta magana, kwamfuta ta ba ki maki. Shi ya fi son ta mutum, wai ko kin yi tuntuɓe ɗan Adam zai yi miki murmushi ya maimaita tambayar. Ni kuwa da na ji ɗaki, ƙofa a rufe, ƙila ma namiji ne, kuma sai na kalle shi ido cikin ido, gabana ya faɗi. Ya yi ta tsokanata, wai Malama Ustaziya, ai mai tambayar ba cinye ni zai yi ba. Na kafe a kan ta kwamfuta, ya bar ni da zaɓina.

A wani zauren mata na waya na samu lambar wata mai koyar da ita, kowa Anti yake ce mata. Muryarta mai taushi ce, da salati take buɗe magana, ƙanwata take kirana. Ba ta ɗaga kira, sai saƙon murya, ta ce mijinta ba ya son ta riƙa hira a waya, ni kuwa wannan ya ƙara mata daraja a idona. Abu ɗaya na lura da shi ban ba shi muhimmanci ba: a duk saƙonninta ba a jin kukan zakara, ba motsin yaro, ba ƙarar kwano, ko jan numfashinta ba a ji.

Ta ce kwamfutar tana kayar da 'yan Arewa ne saboda ba ta saba da harshenmu ba, don haka dole a fara saba mata da muryata kafin ranar jarrabawa. Ta riƙa turo jimloli ina karantawa ina mayar mata. Da Turanci muka fara, daga baya ta ce har da Hausa. Wani saƙon ta ce in karanta cikin fara'a, wani kamar na tsorata, wani kamar ina kuka. Har dariya nake ba kaina. Ta kuma karɓi hoton fasfo ɗina da na yarinyar da lambar maigidana, wai za ta yi mini rajista. Da yake sabis ɗin layina ba ya kamawa sai a bakin kanal, can nake zuwa bayan azahar, lokacin da masu ban ruwa suka koma inuwa, in tsaya ni kaɗai ina ta yi wa waya magana, ruwa yana wucewa shiru. Wata tsohuwa da ke dawowa daga tsince tumatir ta taɓa tsayawa ta dube ni, ta ce 'yar nan, ba a surutu a bakin ruwa da tsakar rana, akwai masu amsawa. Na yi a'uziyya a raina na ci gaba da karatuna.

Wata hantsi muna tsakar gida ni da surukata muna yanka tumatir za mu shanya kauɗa, yarinyar tana wasa cikin kwandon da ya rage, sai wayar Inna, surukar tawa, ta yi ƙara. Maigidana ne, yana kuka irin wanda ban taɓa jin ya yi ba, yana tambaya ko yarinyar tana numfashi. Inna ta ce wane irin numfashi, ga ta nan tana cin ɗanyen tumatir. Da ya sake magana muryarsa ta yi sanyi, ya ce a tambaye ni me ya rage ni da shi da zan yi masa ƙarya da ran 'yarsa. Sannan ya turo saƙon da aka aika masa daga wata baƙuwar lamba, Inna ta kunna.

Ni ce. Wallahi ni ce. Ina kuka ina cewa yarinyar ta faɗa kanal, muna asibiti, wayata ta jiƙe, ya turo kuɗi ta wannan lambar kafin a duba ta. Har ɗan tarin da nake yi kafin in fara magana yana ciki. Ina zaune da wuƙa a hannu, bakina a rufe, ina jin kaina ina rantsuwa da Allah a kan abin da ban taɓa faɗa ba. Yarinyar ta taso ta leƙa wayar, ta leƙa fuskata, ta fashe da kuka ta ɓuya bayan kakarta.

Inna ce ta cece ni. Ta sake kunnawa, ta kara a kunne, sannan ta kira ɗanta ta ce shi dai har yanzu soko ne, ya je Turai bai ƙaro komai ba. Ta ce bai ji muryar ta kira sunan yarinyar gatsau ba, ta kuma kira nasa? Yarinyar 'yar fari ce, kuma sunan Inna aka sa mata, ta ce tun ranar suna wa ya taɓa jin sunan nan a bakina, balle na miji? Ya ba ni haƙuri yana kuka. Kuɗin da ya riga ya tura sun tafi, lambar Anti kuma ba ta sake shiga ba.

Na koma kan jarrabawar mutum, ƙanin maigidana ya raka ni cibiyar jarrabawa ta gaskiya a Kano, inda suka ce babu wata kwamfuta da ake saba wa da murya. Mace ce ma ta yi mini tambayoyin, mai fara'a. Amma da ta danna na'urar ɗaukar magana a kan tebur, harshena ya ɗaure, na kasa haɗa jimla. Ban ci ba. Har yau ina nan, ina shirin sake zama.

Kwanan baya na je suna a Bunkure. Ina gaisawa da mai jego sai wata amarya da ban taɓa gani ba ta riƙo hannuna tana murna, wai ashe Anti ce, ai da jin muryata ta gane ni, kullum ni nake turo mata karatu. Ta kunna mini. Na ji kaina ina salati, ina ce mata ƙanwata. Na zaunar da ita na ba ta labarina, ta goge lambar nan take. A hanyar gida na riƙa tunanin wace baiwar Allah ce mai muryar da ni na yarda da ita.

Kunyata ba laifi ba ce, amma na bar ta ta hana ni tambaya, na gudu daga mutumin da zan gani na miƙa kaina ga wadda ban taɓa gani ba. 'Yan uwa mata, duk jarrabawar da za ku zaɓa, ku taka da ƙafarku zuwa inda ake yin ta, ku tafi da muharrami in kuna jin nauyi, kada ku tura wa kowa muryarku. In kuma wata mai taushin murya ta turo muku saƙo tana ce muku ƙanwata, da irin Hausarmu ta Kura, don Allah kada ku amsa mata. Muryata ce, amma ba ni ba ce.