Waƙar Baba Tana Cikin Akwatin Ƙarfe

Ƙara ce siririya, kamar kukan ɗan tsako da aka kife da ƙwarya. Ta yi, ta ɗan tsaya, ta sake yi. Kullum idan na danna maɓallin kwamfutar ƙara ɗaya take yi, gajeriya, sai fararen rubutu su fara gudu a kan gilashi. Ran nan kuwa kukan ya ƙi ƙarewa, gilashin ya tsaya baƙi wuluk, ba abin da nake gani a cikinsa sai fuskata da ɗankwalina.

Kwamfutar ta Yaya ce. A ƙarshen shekarun casa'in ya sayo ta, ta hannu, a Kaduna inda yake aiki, da niyyar buɗe shagon buga takardu a Kontagora in riƙa kula masa, tunda na koyi tafireta a makaranta. Shagon bai samu ba tukuna, injin da ke fitar da rubutu a takarda ma ba a kai ga saye ba, sai aka ajiye ta a ɗakin karatun Baba, kusa da akwatunan da littattafansa suke ciki a da.

Na ce a da, domin gara ta cinye su. Idon Baba a hankali ya tafi, kuma tun da ya daina buɗe akwatunan gara ta shiga ta ƙasa. Ranar da aka buɗe, jar ƙasa aka tarar da guntayen bango. Shi ya sa da Yaya ya kama hannunsa ya ɗora a kan akwatin kwamfutar, sai da ya shafa, ya ƙwanƙwasa.

"Ƙarfe ne?"

"Ƙarfe ne, Baba. Duk abin da aka zuba a ciki, yana nan."

"To, gara sai ta nemi wata sana'ar."

Baba malami ne mai kamewa. Har mahaifiyarmu ta rasu ban taɓa jin ya kira sunanta ba. Wata safiya da aka kawo wuta ya kira ni. Uwata yake ce mini, don sunan mahaifiyarsa na ci.

"Uwata, kunna abin nan, ki rufe ƙofa."

Na ɗauka wa'azi zai yi. Sai ya gyara zama ya ce:

"Na gan ki bakin rafi kina wankin ƙwarya,
Ban ce da ke komai ba, keke na ce wa tsaya."

Na ɗaga kai daga madannai na dube shi. Waƙa ce ga mahaifiyarmu, tun daga ranar da ya fara ganin ta a hanyar Auna yana saurayi. Muka yi ta yi tun daga bazara har damina ta zauna. Ya faɗa, in buga, washegari in karanta masa, ya canza. Baiti ɗaya sai ya sake masa riga sau da yawa, har na daina sanin wanne ne na jiya, wanne ne na yau. Ya hana ni kwafa a takarda. Ya ce sai ya gama gyara, kuma shi da takarda sun raba gari.

Wata rana yana alwalar azahar jikinsa ya shanye. Da aka sallamo shi daga asibiti, ɓarin dama ba ya motsi, magana kuma ta ɗauke, sai dai yana ji sarai. Likita ya ja Gwaggo gefe, ƙanwar Baba da ke riƙe da gidan, ta dawo tana share ido da bakin mayafi, ban tambaye ta ba. Washegari da safe na kai masa kunu, ya kau da kai. Ya ɗora hannun hagu a kan tabarma, ya riƙa ɗaga yatsu yana saukewa, ɗaya bayan ɗaya. Bugun madannai yake kwaikwaya. So yake in karanta masa.

Shi ne na je na danna maɓallin, ta yi mini kukan tsako.

Na kashe, na kunna. Na zare duk wayoyin bayanta na hura musu iska na mayar. Na canza soket. Na ce ko wutar ce ba ta da ƙarfi, domin ƙwan ɗakin ja yake kamar garwashi, na roƙi maƙwabcinmu mai injin niƙa ya jawo mini waya daga janaretansa. Fankar cikinta ta juya, ƙaramar fitila ta kama, kukan ya dawo. Na durƙusa na kara kunnena a jikin akwatin, kamar zan ji muryar Baba tana neman ƙofa.

Na hau kabu-kabu zuwa ofishin wani ɗan'uwanmu da ke da tarho. Layin Kaduna ya yi ta katsewa, kafin a samu Yaya zufa ta jiƙa mini hijabi.

"Kin duba waya?"

"Na duba, Yaya."

"To ki mare ta a gefe. Haka muke yi wa tamu."

"In mare ta?"

"Ba da ƙarfi ba, ke ma dai. Ki bari, ƙarshen wata ina tafe. Me ke ciki da ba zai jira ba?"

Tun farko Baba ya ce kada kowa ya ji zancen waƙar. Sai na ce wa Yaya Baba ne ba zai jira ba. Ya ce in nemi mai gyaran talabijin na bakin kasuwa.

Na koma gida na mare ta, a hankali, ina ba ta haƙuri a zuciyata. Ba ta ko gezau ba.

Mai gyaran dattijo ne mai barkwanci, Bakambare, Hausarsa da ɗan karkata mai daɗi. Ya zo da jakar buhu, warin dalma yana bin sa. Ya zagaya teburin, ya tsuguna, ya leƙa ta baya.

"Malama, gaskiya ɗaya ce. Rediyo ɗana ne, talabijin jikana ne. Wannan kuwa ko a biki ba mu taɓa gaisawa ba."

"Don Allah ka duba. Ko me ka gani."

Ya kwance kusoshin, ya ɗaga murfin. Wani zanzaro ya fito fuu ya bi ta taga. A jikin koren allon da ke ciki, kusa da fanka, ga ginin laka nan ɗaki-ɗaki, har da wanda bai bushe ba.

Ya kwashe da dariya. "Ashe kuna da ɗan haya! Ya biya kuwa?"

Na ce shi ke nan, an ga ciwon. Na miƙa hannu, sai muryar Gwaggo daga bakin ƙofa.

"Kul! Kada ki taɓa. Ba a rushe wa zanzaro gida a gidan da ake jinya."

"Gwaggo, laka ce kawai."

"Laka ce a wurinki, 'yar boko. Ɗan'uwana na kwance, ki rasa abin yi sai rushe gini? Ke kuma wannan akwatin, uwarki ce a ciki?"

Ban san lokacin da hawaye ya zubo mini ba. Ban taɓa yi wa Gwaggo musu ba, ko a kan gishirin miya. Na sunkuyar da kai na ce ta yafe mini, na sa yatsa na ɓare ginin. Ya farfashe a tafina, da ƙananan tsutsotsi a ciki. Gwaggo ta yi salati ta juya, ina jin takalmanta har tsakar gida.

Mai gyaran ya daina dariya. Ya share wurin da gashin kaza. Don ya samu hanyar hannu, ya kwance wani ɗan ƙarfe mai kusurwa huɗu, bai fi sabulun wanki girma ba, ya miƙo mini.

"Riƙe mini wannan, Malama. Ban san aikinsa ba, amma yana da nauyi, kada ya faɗi."

Na ɗora shi a cinyata, na rufe da tafukana biyu. Sanyi gare shi. Na zauna haka ina karanta duk addu'ar da ta zo bakina, shi kuma yana hurawa, yana gwada fis, yana shinshina allon ko zai ji ƙauri. Da ya gama ya karɓa ya mayar, ya ɗaure.

"Bismillah. Danna."

Na danna. Fanka ta juya. Na kasa kunne.

Kukan tsako.

Ya sake buɗewa, ya sake rufewa, har aka kira la'asar. Ya tattara kayansa ba tare da ya dube ni ba, ya ce Allah Ya ba Malam lafiya, ya fita.

Na wanke fuskata kafin in shiga wurin Baba. Hadari ya haɗu, ɗakin ya yi duhu, ana jin ƙamshin ƙasa. Yana jin motsina yatsunsa suka fara bugun tabarma. Na kama hannun na riƙe.

"Baba, ta ƙi tashi. Na yi duk abin da na sani."

Hannun ya yi laushi a cikin nawa.

"Amma akwai wanda na riƙe. In karanta?"

Ya matsa yatsana. Na fara daga bakin rafi da keke. Na wuce zuwa ranar da aka kawo mahaifiyarmu gidan nan da ruwan sama, da shekarar da ta shuka lemun tsami a bayan rijiya. Inda na kawo tsohon baiti a maimakon wanda ya gyara, sai ya girgiza hannuna, in koma, in gwada wani. Wani lokacin in dace. Da na iso wurin haihuwar Yaya, sai kaina ya zama kamar gilashin nan. Na san akwai sauran tafiya mai nisa, na san akwai inda ya ambace ni, akwai ciwonta, akwai wani baiti a kan turminta da ya sa na yi kuka ranar da na buga shi. Na nema, na rasa.

Na yi shiru, amma shi bai tsaya ba. Leɓɓansa suka ci gaba da motsi, gefe ɗaya yana aiki, ɗayan a sake. Waƙar yake yi. Na matsa har numfashinsa yana taɓa kuncina, na zuba wa bakin ido, ina cewa "Sake, Baba, a hankali." Ruwa ya kece a kan kwano. Na ga inda yake tsayawa a ƙarshen kowane baiti, na ga inda ya ɗan murmusa da rabin baki. Kalma ko ɗaya ban kama ba.

Baba bai kai ƙarshen watan ba. Gwaggo ba ta taɓa yi mini maganar zanzaro ba, ita ce ma ta riƙa kwana da ni a kwanakin zaman makoki.

Bayan sadakar arba'in Yaya ya ɗauki kwamfutar ya kai Minna. Sai a lokacin na gaya masa abin da ke ciki, ya ce zai yi wa masu gyaran bayani. Ban san me ya faɗa ba, ban san me suka ji ba. Suka ce allon ya lalace, gyaransa bai da amfani, suka karɓe ta a matsayin kayan gyara suka haɗa masa wata. Ya dawo da sabuwar yana murna ta fi waccan sauri. Na tambayi waƙar. Ya ce ai injin ya mutu, abin da ke cikinsa ya bi shi. Haka na yarda, haka kowa ya yarda. Da sabuwar muka buɗe shagon.

Sai bayan shekaru, ina da aure har da 'ya'ya, aka tura mu wani kwas na ma'aikata. Malamar ta buɗe wata tsohuwar kwamfuta a gabanmu, ta kwance wani ɗan ƙarfe mai kusurwa huɗu, kamar sabulun wanki, ta ɗaga shi sama. Ta ce duk abin da mutum ya rubuta a nan yake zama, ba a allo ba, ba a gilashi ba. Ko injin ya ƙi tashi, sau da yawa shi lafiyarsa ƙalau. Cire shi kawai ake yi, a jona a wata kwamfutar, a karanta.