Mai Dutse da Wuƙar Mai Yatsu Uku

Shekara arba'in hantsi bai taɓa riskar Mai Dutse a gida ba. Yana rumfarsa a bakin kasuwa, ya jiƙa dutsen wasa wuƙa, ya jera wuƙaƙen aljihu a kan tsumma. Ba ya sayar wa masassaƙi wuƙa sai ya miƙa masa guntun itace ya ga riƙonsa. Mai gaggawa ya ƙara gaba. A watan nan ya ajiye aiki, ido ya gaza. Abu ɗaya zan faɗa a kansa, kuma a gaban jama'a aka yi.

Akwai wani masassaƙin cokula da inji ya cinye wa yatsu biyu na hannun dama. Wata shida bai taɓa itace ba, har matarsa ta fara hura wuta da katakon da ya tara. Ya zo rumfa ya ajiye wuƙarsa mai lanƙwasasshen baki da dogon tsini. Ya ce a ba duk mai so, shi ya gama.

Mai Dutse bai yi masa jaje ba. Guntun itace ya miƙa masa. Masassaƙin ya gwada, wuƙa ta zame, saura kaɗan tsinin ya huda masa cinya. 'Yan rumfa suka ce ya isa haka. Mai Dutse ya ce a sake. Sau uku yana kallo, sannan ya karɓi wuƙar ya karya tsinin.

"Haba Malam, ka kashe mini wuƙa."

"Ai ka ce ka bayar. Kuma cokali za ka sassaƙa, ba fiɗa za ka yi ba."

Ya wasa bakin ya miƙe sak, gajere. Ya goge bayan ya yi sumul, don babban yatsan hagu ya samu wurin turawa. Ya ce yatsun nan uku riƙo kawai za su yi, tuƙi na hagu ne.

Sassaƙen farko ya fito siriri, ya nannaɗe, ya faɗi ƙasa. Kafin rana ta karkata, cokali ya fito. Yau mutumin yana kan sana'arsa, matarsa ta koma neman itacen girki a wani wuri.

Mai Dutse, kai ne mai duban hannu kafin ƙarfe. Mun gode. Masu sana'a, ku koya: ku dubi mutum kafin ku miƙa masa kaya.

Cokalin nan na farko karkatacce ne. Da shi Mai Dutse yake cin abinci har yau, kuma ba ya ba kowa aronsa.