Yashin Malam Isiyaku

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safen nan ina shirin shiga aji aka kira ni, wai Malam Isiyaku ya rasu.

Malam Rariya. Haka muke ce masa a makaranta, ya sani kuma, dariya kawai yake yi.

Shi ya koya mana aikin ƙasa da yashi. In ka ga mutum tsugune a tsakiyar rafi da rana tsaka yana murza yashi a tafin hannu kamar mai tayin gero a kasuwar Dawanau, to shi ne.

Ranar da muka fara fita fil da shi, wato aikin gani da ido a rafi, silifas ɗina ya tsinke, yashi kuwa ya ɗau zafi. Ya cire takalminsa ya miƙo mini, ya ce ƙafarsa ta saba. Daga baya na ga yana ɗingishi a ɓoye.

Lokacin da mahaifina yake kwance a asibiti, Malam ne ya riƙa kai ni a bayan babur ɗinsa, bai taɓa bari na yi masa godiya har ƙarshe ba.

Abu ɗaya ne ya hana shi sakat a rayuwa: rafin ƙauyensu, can bayan Ɗanbatta. Yashi mai gwaɓi, mai manyan ƙwayoyi, shi ke riƙe ruwa a ƙarƙashin rafi. Da shi mutanensu suke noman rani, su tona rami kaɗan ruwa ya taso, su ba albasa da tumatir. Sai masu tifa suka faɗa wa rafin suna kwashe yashin. Yanzu a tona har iya wuya, laka ce kawai.

Malam ya kai kuka wurin hukuma, aka ce ya kawo hujja a lissafe.

Hujjar kuwa tana nan, shekara da shekaru ɗalibai suna ɗibar yashin rafin suna tankaɗewa suna fitar da matsakaicin girman ƙwayarsa. Matsalar, kowa da hanyarsa. Wani ya wanke yashin kafin ya tankaɗe, wani bai wanke ba. Wani ya rubuta da milimita, wani da wani ma'aunin daban. Wani ya karanto matsakaicin daga zane, wani ya buga a kalkuleta. In ka jera sakamakon, sai ka rantse ba rafi ɗaya ake magana ba.

“Wannan ya auna da tiya, wancan da gwangwani,” in ji Malam, “sannan ku ce in faɗa wa mutane hatsi ya ragu? Wa zai saurare ni?”

Shi ya sa bai taɓa zubar da samfur ba. Duk yashin da aka ɗebo, sai ya ƙulle ragowar a leda, ya rubuta wuri da shekara. Da ya yi ritaya ya kwashe su buhu-buhu ya kai gida. Niyyarsa ya sake tankaɗe su duka da rariya iri ɗaya, lissafi iri ɗaya, yadda yashin da da na yanzu za su tsaya kafaɗa da kafaɗa kowa ya ga bambancin.

Ganina da shi na ƙarshe kafin faɗuwar damina ne. Na same shi a zaure yana girgiza rariya da hannu, don babu wutar da za ta tayar da inji. Ya rame sosai. Ya sa aka kawo mini fura, shi bai sha ba.

Na ce, “Malam, me ya sa ka fara da na bana? Ai na da su ne hujjar.”

Ya ce, “Habu, na bana in na ɓata sai in koma rafi in ɗebo. Na da fa? Babu inda zan same su a duniya. Bari hannuna ya faɗa tukuna.”

Na ce zan dawo hutu in taya shi. Ban samu dawowa ba, kun san yadda shiga mota ta zama da wuya a shekarun nan. Shi ma ya sani, tun a ranar ya ce kada in damu.

Yau ban samu jana'iza ba, na isa an dawo daga maƙabarta. An sha ruwa jiya, ƙofar gida duk ta caɓe, amma ƙarƙashin rumfar zaman makoki tsaf take, an malale ta da yashi an shimfiɗa tabarmi.

Ina zaune na kai hannu gefen tabarma. Yashi mai gwaɓi, mai tsabta, wani ja wani fari. Rabon da in taɓa irinsa na manta.

Ƙanin Malam, Baba Ɗanlami, ya ga ina murzawa. Ya matso ya ce, “Na Yaya ne, Allah ya jiƙansa. Da muka rasa abin da za mu zuba wa baƙi, sai na tuna buhunansa. Ka ga sun yi rana. Irin wannan yashin yanzu ko a rafi ba ka samu.”

Ledojin da aka zazzage, da rubutun Malam a jikinsu, suna can jikin katanga, an tara za a ƙone.

Ban ga laifin Baba Ɗanlami ba. Mutum ya yi ne don ya mutunta baƙin yayansa. Kuma abin da Malam ya ƙare rayuwarsa yana son ya tabbatar, shi ne Baba Ɗanlami ya faɗa mini a jimla ɗaya. Sai dai hukuma ba ta karɓar jimla.

Wallahi na karaya. Muna addu'a, tifa biyu suka wuce ta bayan gari cike da yashi, sai da liman ya dakata ƙararsu ta lafa. Ban ga wanda zai tsayar da su ba yanzu. Ban ga alamar za a sake noma albasar rani a ƙauyen nan ba kuma.

Na damƙi yashin cikin hannu na zuba a aljihu. Ban san na wace shekara ba ne, babu kuma mai sani.

Ya Allah ka gafarta wa Malam Isiyaku, ka sanyaya makwancinsa, ka auna masa da ma'aunin rahamarka. Ka ba iyalinsa haƙuri, ka dubi mutanen ƙauyensa da ruwan da ya so ya tsare musu.

Duk wanda ya karanta, don Allah ya tsaya ya yi masa addu'a ko da guda ɗaya ce.