Motar Kawu Direba Ba Ta Wuce Fasinja

Mu dai a layinmu ba mai kiransa da sunan yanka. Kawu Direba kowa ke cewa, har jikokinsa. Tun yana saurayi yake jan bas ɗin cikin gari, har furfura ta cim masa a kan kujera ɗaya, wadda ta lotsa daidai zamansa. Da ya ajiye tuƙi sai ya koma wata kujerar a ƙofar gida. Ƙafafu suka kumbura, sukari ya hau. Likita bai ɓoye masa ba: ko ya riƙa taka ƙafar nan, ko wata rana ya rasa ta.

To, a bayan gari akwai wani gandun shaƙatawa, mai manyan itatuwa da ɗan rafi da gadar katako, da siririyar hanya da ke hawa tsauni. Can Kawu ya fara zuwa duk Asabar da sassafe, tun wurin ba kowa, daga shi sai sanda da gorar ruwa. Mutumin da kunnensa bai san komai ba sai hon, ga shi yana dawowa yana kwaikwaya mana kukan tsuntsaye! In ya zo hawa ya ce ya saka giya ɗaya. A gangara kuwa birki yake takawa, wai gwiwar ba ta da amana.

Wata Asabar bayan an yi ruwa, santsi ya kwashe shi a bakin rafin. Ya daɗe zaune cikin laka kafin ya iya miƙewa. Ya so ya ɓoye, wando ya tona masa asiri, kuma aka yi rashin sa'a autarsa, wadda ke aikin jinya, ta zo gida ran nan.

"Baba, da ƙugu ka karya fa? Wa zai ji ihunka a dajin nan?"

"Taya ce ta zame, Auta. Inji lafiya lau."

"Ba ruwana da inji. Asabar mai zuwa ƙafata ƙafarka. In na ga ba ka iyawa, sandar nan gidana za ta koma, ka riƙa zagaya tsakar gida."

Auta ba ta magana biyu, Kawu ya sani. Duk makon nan ko abincin kirki bai ci ba. Ya ƙudura a ransa zai hau har ƙololuwa ba tsayawa, ta gani da idonta.

Sai dai ran Asabar ɗin Auta ta makara, ba su isa ba sai da rana ta ɗaga, gandun ya cika da jama'a. Nan fa tsohon hali ya motsa, don Kawu bai taɓa iya ganin mutum a bakin hanya ya wuce shi ba. Suna haye gada suka tarar da wani mai ƙiba zaune kan dutse yana haki. Kawu ya ja birki.

"Malam, sama za ka? Shigo, akwai wuri. Mu ba ma gudu."

Mutumin ya yi dariya, ya tashi ya bi su. Gaba kaɗan wasu dattijuwa biyu na shawarar juyawa, ya kwashe su. Sai wata mai goyo da mijinta ya yi gaba ya bar ta. A kowace kwana Kawu sai ya tsaya, ya waiga ta kafaɗar dama kamar mai duba madubi: "Kowa ya shiga?" Auta tana biye da su a baya.

Rana ta take, ba su wuce bencin da ke rabin hanya ba. Kawu ya ɗaga kai ya dubi ƙololuwar, ya dubi 'yarsa. Da kansa ya miƙa mata sandar.

"Ungo. Ban kai ba."

Tana karɓa sai mai ƙibar nan ya ce, yana share gumi, "Direba, yaushe motar ke tashi mako mai zuwa? Ni ban taɓa kawowa nan ba sai yau."

"Kada ka kuskura ka tashi ba mu," in ji ɗaya daga cikin dattijuwa biyun nan.

Auta ta bi su da kallo ɗaya bayan ɗaya. Ita dama ba ƙololuwa ce ta dame ta ba, tsohon da zai faɗi ba mai ɗaga shi ne. Ta juya sandar a hannunta, sannan ta mayar masa.

"Sharaɗi ɗaya, Baba. Ba ka tashi sai mota ta cika."

"Yo wane direba ne ke tashi babu fasinja?"

"Kai mana, mai zama cikin laka!"

Har mai goyon sai da ta dara.

Har yau motar Kawu ba ta kai saman tsaunin ba, don kullum sai an samu wanda za a jira. Amma kumburin ya saɓe, tsohon takalminsa na aiki ya koma shigarsa. Da shi yake fita duk Asabar, ya tsaya a bakin gada yana jiran lodi.